Gyaɗar Kasuwar Daji da Na'urar da Aka Lulluɓe

Tun da jirgin ƙasa ya isa Kaura Namoda a 1929 gyaɗa ta zama ginshiƙin arzikin yankin, har yau kuma ana hada-hadarta a Kasuwar Daji. Sai dai gyaɗar da ta sha laima takan yi fumfuna, fumfunar ta zubar da wata guba, aflatoksin, mai jawo sankarar hanta. An gano ta ne bayan talotalo kimanin 100,000 sun mutu a Ingila a 1960. Ido ba ya ganinta, suya kuma ba ta kawar da ita duka.

Cikin na'urorin da ke auna ta akwai HPLC. Famfo ne ke tura ruwan sinadari ta wani siririn bututun ƙarfe da aka danƙare da garin silika, kowane sinadari ya fito a nasa lokacin. Garin kan yi wa ruwan tirjiya, ita ce matsin da na'urar ke nunawa. Yawancinsu ba sa jure fiye da ninki 400 na matsin iskar da ke kewaye da mu.

Da zarar matsin ya hau, sai a ce na'ura ta lalace, a lulluɓe ta, a zauna jiran injiniya. Wannan kasala ce. Mai koko ma, in gasara ta ƙi sauka, rariya take dubawa. Ma'aikaci ya kwance bututun, ya kunna famfo. In matsin bai sauka ba, toshewar tana tsakanin famfo da bututu. In ya sauka, yawanci 'yar rariyar bakin bututun ce ta cushe da dusar samfurin da aka yi ganda wajen tacewa, ko ƙurar hunturu da ta faɗa kwalba. Sanyi ma na da nasa: ruwa kan ƙara kauri, kamar man gyaɗa da asubahin hunturu, matsi ya ɗaga ba tare da wata toshewa ba. Faɗuwar matsi kuwa yoyo ne ko kumfar iska.

Saboda haka bai kamata jami'a ta sayi na'urar ta manta da matatan samfuri masu ƙofa maikron 0.45 ba, ko da horar da ma'aikacin da zai riƙa rubuta matsin kowace safiya. Muddin na'urar na lulluɓe, ƙuliƙulin da ɗalibai ke ci a makarantun kwana zai ci gaba da shiga ciki ba awo.