Ɗalibai Naƙasassu Da Kwasa-kwasan Dole: A Musanya, Kada A Yafe

Shekarun baya, a wani sashen harsuna da na koyar, mun sami ɗalibi kurma wanda ya ci dukkan kwasa-kwasansa sai guda ɗaya: ilimin furuci, ɓangaren da malami ke furta kalma, ɗalibi ya saurara ya rubuta ta da alamomin sauti, ya nuna tsawon wasali da karin sauti, ya bambance "gari" na mazauni da "gari" na tuwo. Sau uku yana faɗuwa. A taron sashe sai muka rabu biyu. Wasu suka ce a ba shi maki 40 ya wuce don tausayi, wasu suka ce doka doka ce. Babu wanda ya yi tambayar da ta kamata, wato: mene ne ainihin abin da muke son ɗalibi ya sani da muka wajabta wannan kwas?

Mai karatu, wannan tambaya an daɗe ana fafatawa a kanta a Amurka, kuma akwai darasi a yadda suka bi da ita. Sashe na 504 na dokar kula da naƙasassu ta 1973 ya haramta wa duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci saboda naƙasa. Ƙa'idojin aiwatar da shi, waɗanda aka fitar a 1977, sun ambaci musanya wani kwas da wani, da ƙara wa'adin kammala digiri, a cikin gyare-gyaren da makaranta za ta iya yi, amma sun keɓe duk sharaɗin da makaranta ta iya nuna cewa shi ne ƙashin bayan karatun. A 1979 Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar da wannan iyaka a shari'ar Frances Davis, mai matsalar ji da ta nemi karatun jinya a wata kwaleji a jihar North Carolina. Kotun ta ce ba a tilasta wa kwaleji ta cire aikin asibiti daga horon ma'aikaciyar jinya.

Shari'ar da ta fi dacewa da mu ita ce wadda ɗalibai suka kai Jami'ar Boston, aka yanke hukunci a 1997. Akwai masu disleksiya a cikinsu, wato matsalar ƙwaƙwalwa wajen haɗa harafi da sautinsa. A da ana barinsu su ɗauki kwas kan al'adun wata al'umma a madadin koyon baƙon harshe, sai Jon Westling, wanda daga baya ya zama shugaban jami'ar, ya soke tsarin ba tare da wani nazari ba. Har ma ya riƙa ba da labarin wata ɗaliba mai yawan barci a aji da ke neman sassauci, daga baya ya amsa cewa ƙirƙirar ta ya yi. Alƙaliya Patti Saris ta umarci jami'ar ta zauna ta yi nazari na haƙiƙa kan ko musanyar za ta gurɓata digirin. Kwamitin malamai ya zauna, ya yanke cewa baƙon harshe ginshiƙi ne a digirin tsangayarsu, kuma a 1998 kotu ta amince. Ashe jami'a na da 'yancin cewa a'a. Abin da ba ta da shi shi ne 'yancin cewa a'a bisa zato da son zuciyar mutum ɗaya.

Mu dawo gida. A Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar haramta nuna wa naƙasassu bambanci a Nijeriya, a 2020 aka kafa hukumar kula da su ta ƙasa. Hukumar JAMB kuma tun 2017 ta kafa kwamiti na musamman da ke shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a. Ƙofar shiga ta fara buɗuwa ke nan. Amma shiga daban, fita daban. Doka ta kafa tushe. Fayyace yadda za a yi da kowane kwas aikin majalisun jami'o'i ne, kuma inda babu rubutacciyar ƙa'ida, makomar ɗalibi takan rataya ne a kan halin malamin da ya faɗa hannunsa.

Ra'ayina shi ne a bi matakai uku a jere. Na farko, a ba da kayan aiki kafin a taɓa kwas: rubutun makafi, manhajar kwamfuta mai karanta rubutu, tafintan maganar hannu, ƙarin lokacin jarrabawa. Makaho na iya lissafi. Akwai tsarin rubuta lissafi da rubutun makafi da Abraham Nemeth, wanda shi kansa makaho ne, ya tsara tun 1952. Cire masa lissafi don mun kasa samar da kayan aiki, ɗora masa gazawarmu ne.

Na biyu, idan kayan aiki ba za su warware ba, a musanya da kwas mai manufa ɗaya da nauyi ɗaya. Manufar ilimin furuci da tsarin sauti ita ce ɗalibi ya gane cewa kalma ginanniya ce daga ƙananan sassa marasa ma'ana, waɗanda canza ɗaya ke canza ma'ana. William Stokoe na Kwalejin Gallaudet ya nuna a 1960 cewa harshen kurame na Amurka haka yake: kowace alama ta ƙunshi siffar hannu da wurinsa da motsinsa. Constanze Schmaling, Bajamushiya, ta yi irin wannan nazari kan maganar hannu ta kuramen Kano, ta wallafa shi a 2000. Da mun ce wa ɗalibinmu ya feɗe maganar hannu da ma'aunin da abokansa ke feɗe Hausa, da ya koyi abin da muke nufi, da mu ma mun ƙaru.

Na uku, inda kwas ya zama shi ne sana'ar kanta, kamar aikin asibiti ga ɗalibin jinya, a faɗi gaskiya a rubuce, tare da dalilai, tun ɗalibi yana aji ɗaya, a kuma nuna masa fannin da zai iya komawa. Tun ran gini, ran zane. Zalunci ne a bari sai ya kai aji huɗu sannan a ce masa hanya ta toshe.

Masu tsoron cewa musanya za ta rage darajar digiri, tsoronsu na da tushe, amma sun ɗora shi a inda bai dace ba. Makin tausayi ne ke zubar da darajar digiri, domin shaida ce ta ƙarya, kuma mai ita zai rayu ana raɗa cewa alfarma aka yi masa. Kwas ɗin musanya kuwa jarrabawa ake zaunawa, ana iya ci, ana iya faɗuwa.

Hanya a buɗe take. Sabuwar manhajar da Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a Disambar 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 na kwasa-kwasai ta tsara da kanta. Ina kira ga majalisun jami'o'inmu da kowace ta kafa kwamiti mai ƙunshe da malaman fannin, da masanin ilimin masu buƙata ta musamman, da wakilin ɗaliban, ya rubuta manufar kowane kwas na dole da abin da zai iya maye gurbinsa, a sanya cikin littafin ɗalibai, tare da damar ɗaukaka ƙara.

Ɗalibin nan namu, a ƙarshe, makin tausayi aka ba shi. Ni ma na ɗaga hannu a taron, kuma har yau abin na damuna.