A Kai Yara Su Ga Kifi Yana Iyo

'Yan'uwa manoma, in an tambayi yaro mai shekara biyar a ƙauyukanmu yadda kifi yake, zai kwatanta banda ne, baƙi a lanƙwashe cikin kwando, ko kuwa guntun da ya tsinta a miyar kuka. Ko yaran bakin rafi ma bayan kifi kawai suke hanga, gama ruwan damina ja ne. Ra'ayinmu shi ne kowace ƙungiya ta keɓe rana ɗaya ta kai ƙananan yara inda ake ajiye kifi da ransa, su tsaya su dube shi da kyau.

A manyan biranen duniya akwai gidajen kallon kifi, inda ake zuba shi cikin akwatunan gilashi, mutum yana tsaye a inuwa yana ganinsa ta gefe. Na farko da aka buɗe wa jama'a shi ne wanda aka yi a gidan namun daji na Landan, a 1853. Mu ba sai mun je Ingila ba. Masu ƙyanƙyasar tarwaɗa sun yi yawa yanzu, kuma galibi cikin ɗaki ko rumfa suke aikin, ruwan sama ba ya hana ziyara. Waɗanda ke kusa da Sabuwar Busa suna da cibiyar binciken kifi ta tarayya a gefen tafkin Kainji. Sai dai a rubuta takarda tukuna a nemi izini, kada a kwashi yara a mota a tarar da ƙofa a kulle.

Wani zai ce wannan wasan 'ya'yan birni ne, ga noma ya kama. To, a duba. A watan Agusta, ranar da ruwa ya wuni yana zuba, ina yara suke? Ko suna cunkushe a ɗaki suna faɗa, ko sun sulale zuwa kududdufi, inda ake nutsewa, ake kuma ɗaukar tsargiya. Wannan ɗaya ke nan.

Na biyu ya fi nauyi. Kifin rafukanmu yana raguwa, kuma da hannunmu a ciki. An daɗe ana zuba maganin ƙwari irin su Gamalin a ruwa don kifi ya taso, wasu kuma suna jan gidan sauro a madadin koma, su kwashe har 'ya'yan da ba su kai tsawon yatsa ba. Wa'azi bai cika shiga kunnen babba a kan wannan ba. Amma yaron da ya ga uwar karfasa ta ɗauki ƙwai a bakinta, ta ƙi cin abinci kwana da kwanaki, 'ya'yan kuma suna gudowa cikin bakin in sun tsorata, da wuya ya girma ya zuba guba a rafi. Ku nuna masa tarwaɗa tana hawowa ta shaƙi iska. Ku gaya masa gaiwa tana da huhu, shi ya sa take kwana cikin busasshen laka har rani ya wuce. Akwai irin ƙurungun da ke iyo a rigingine, ciki a sama. Wannan kam ko dattawa sukan yi dariya.

Ziyarar kada ta wuce awa ɗaya, ƙananan yara suna saurin gajiya. Babba ɗaya ya riƙe yara huɗu ko biyar, musamman kusa da tanki mai zurfi. Ba a buga gilashi, ba a jefa wa kifi tuwo ko gyaɗa. A bar su su yi tambaya, kada malami ya mai da abin aji.

Inda tafiya ta gagara, ƙungiya tana iya yin nata. Mai yankan gilashi a gari zai haɗa akwati mai cin bokiti huɗu ko biyar, kuɗinsa ba zai karya asusu ba. A ajiye shi a ɗakin taro inda rana ba ta dukansa, a shimfiɗa wankakken yashi a ƙasa, a sa 'ya'yan karfasa biyar ko shida. Ruwan rijiya ya fi. Na famfo sai ya kwana a buɗe saboda maganin da ake sa masa. Kada a shigo da katantanwar rafi, ita ce gidan ƙwayar tsargiya. Kowane mako a kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan a zuba sabo, abinci kuma ɗan kaɗan, gama yawansa ne ke ɓata ruwa ya kashe kifi. In tarwaɗa ake so, a ware mata wurinta a rufe saman, don tana tsalle, kuma babba takan haɗiye ƙarama.

A taron wata mai zuwa a zaɓi mace ɗaya da namiji ɗaya su ɗauki wannan aiki, su kawo wa ƙungiya lissafin kuɗin mota ko na gilashi kafin ruwa ya zauna.