MAGANI YA FI MARI

Duk wanda ya bi hanyar Kaduna zuwa Zariya, in ya kai Rigacikun, zai ga Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NTI. An kafa ta a cikin 1976, shekarar da aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta, sa'ad da yara suka yi ta kwarara makarantu, ƙwararrun malamai kuwa suka yi kaɗan. Dabarar da aka yi ita ce malami ya zauna a bakin aikinsa, a ba shi littattafai, a ƙarshen mako da lokacin hutu ya je ajin da ke kusa da shi, daga baya ya yi jarrabawa ya sami takardar shaida. Da yawa cikin masu karanta jaridan nan ta wannan tsani suka hau. To, yau muna roƙo a ari dabaran nan a yi wa wasu ma'aikata, watau malaman asibiti na unguwa da na ƙauye, don su san yadda za su kula da masu taɓin hankali.

Abin da ya sa muka tayar da maganan nan ba nisa gare shi ba. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa, cikin ƙaramar hukumar Igabi ɗin nan da Rigacikun ke ciki, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, waɗansu da mari a ƙafa. Da yawansu 'yan'uwansu ne suka kai su da hannunsu, don shaye-shaye ko don wani hali da ya gagari gida. Ba wanda zai yaba abin da aka gani a gidan nan. Amma ya kamata mu tambayi kanmu, me zai sa uba ya biya kuɗi a ɗaure ɗan cikinsa? Amsa ita ce, galibi ya rasa inda zai kai shi ne. In an rufe gidan mari ba a buɗe ƙofar magani ba, sai marin ya koma bayan ɗaki, inda ba ɗan sandan da zai gani.

Likitocin taɓin hankali a ƙasan nan duka an ƙiyasta ba su kai 300 ba, mutane kuwa sun haura miliyan 200. Mu nan Kaduna Allah ya yi mana gyaɗar dogo, akwai asibitin Gwamnatin Tarayya a Barnawa. Amma a dubi manomin da ke ƙauyukan Igabi. Sai ya bar gonarsa, ya biya mota shi da majinyaci da mai riƙe majinyaci, ya ratsa gari ya ƙetare kogi. Ciwon nan kuwa ba na sha yanzu magani yanzu ba ne, wata da watanni ake yi, wani ma shekaru. Ya je sau ɗaya, ya je sau biyu, a na uku guzuri ya ƙare. Alhali ga ƙaramin asibiti nan kusa da shi, gama jihan nan mazaɓa 255 gare ta, manufar Gwamnati kuwa kowace mazaɓa ta sami nata. Malamin da ke ciki ya san zazzaɓi, ya san awon ciki, ya san allurar rigakafi, amma in an kawo masa mai jego da ta daina barci tana surutai, sau da yawa abin da zai ce shi ne, a kai ta gaba.

Ba doka muka rasa ba. Tun 1991 manufar Gwamnati ta ce a sa kula da lafiyar hankali cikin aikin ƙananan asibitoci. A watan Janairu na 2023 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958 da muka gada daga Turawa. Tsohuwar ta fi kula da yadda za a tsare mutum, sabuwar ta ba shi hakkin a yi masa magani cikin mutunci. Madalla. Amma takarda ba ta kwance mari, sai hannun wanda ya san aiki.

Ba misali muka rasa ba kuma. A 1954 Likita Thomas Adeoye Lambo ya fara wani shiri a Aro, kusa da Abeokuta. Ya sauke majinyata a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, ya kuma jawo masu maganin gargajiya a jiki. Duniya ta yaba, har daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Ita hukuman nan a 2010 ta fitar da littafin jagora na shirin da ake kira mhGAP, don ma'aikacin da ba likita ba. Yana koya yadda za a gane ciwon damuwa mai tsanani, da hauka, da farfaɗiya, da gigin tsufa, da cutar shaye-shaye, da mai nufin hallaka kansa, da abin da za a yi wa kowanne, da wanda za a tura gaba ba tare da jinkiri ba. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun gyara shi ya dace da ƙasan nan, sun kuma gwada shi a Jihar Osun.

Sai dai muna jan kunne a kan irin kwas ɗin da aka saba, na kwana uku a otal, a ci abinci, a ɗauki hoto, a karɓi alawus, a watse. Wannan ba horo ba ne. Abu huɗu muke nema.

Na ɗaya, karatun ya zama mai ɗorewa, irin na Rigacikun, ma'aikaci yana aikinsa yana bita, kuma a shirya darussan da Hausa, gama da Hausa zai tambayi majinyaci abin da ke damunsa. Makarantun da ke yaye malaman asibiti, kamar ta Maƙarfi, su ne suka fi cancanta su riƙe wannan. Na biyu, a riƙa rangadi. A zamanin En'e likita yakan zaga dispensa-dispensa ya duba littafi ya gyara kuskure. Haka ya kamata ƙwararru daga Barnawa su riƙa leƙa waɗanda aka koya wa, su zauna su ga majinyata tare. Na uku, a ajiye magani a asibitin, don kuwa koya wa mutum aiki ba kayan aiki kamar tura manomi gona ne ba fartanya. Na huɗu, takardar da ya samu ta yi masa amfani wajen ƙarin girma, kamar yadda ta yi wa malaman makaranta.

Ku akawuna, magadan akawunan En'e, aikin nan ta teburinku zai bi. Ku ke rubuta sunayen waɗanda za su kwas, ku ke riƙe fayil. A zaɓi wanda ke ganin majinyata kullum, ba wanda ke da uwa a gindin murhu ba. Wanda aka horar kuma kada a ɗauke shi bayan wata biyu a kai shi ofis ya riƙa cika takardu.

Ku kuma malaman makaranta, ku ke fara ganin alama. Yaron da ya faɗi yana shure-shure a aji, ku sani farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa. A kawar da abin da zai ji masa ciwo, kada a cusa masa kome a baki, in ya lafa a kwantar da shi ta gefe, sa'an nan a nuna wa iyayensa hanyar asibiti, gama yawancin masu ita magani na tsayar musu. Yarinyar da ta yi shiru ta daina wasa, da saurayin da ya fara shan ƙwaya, bulala ba ta warkar da su.

Ba mu ce a bar addu'a ba, ba mu kuma ce a yi gaba da malaman da jama'a ke kai wa majinyata ba. A kira su a zauna da su, kamar yadda Lambo ya yi, a yi addu'a a sha magani, mari kaɗai za a bari. Ciwon nan ba ya zaɓen gida, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Muna fata Ma'aikatar Lafiya ta Jiha da Hukumar Igabi su fara gwada shirin nan a Rigacikun, inda aka riga aka nuna ma'aikaci na iya ƙaro ilmi bai bar bakin aikinsa ba.