Sunan Gari Ba Hajar Dillali Ba Ne

A intanet akwai kasuwar da hajarta kalmomi ce. Mutum zai biya kuɗi kaɗan ya yi rajistar suna, ya liƙa masa tallar cewa na sayarwa ne, ya zauna jiran mabukaci. Kamfanoni irin su Sedo na Jamus da GoDaddy na Amurka su ne dillalan wannan ciniki. A shekarar 2019 an sayar da sunan voice.com a kan dala miliyan 30, alhali kalma ɗaya ce mai ma'anar murya. Dokar kasuwar kuwa ita ce wanda ya riga ya samu, kuma haya ce ta shekara-shekara: wanda ya yi sakacin sabuntawa, sunan ya koma hannun wani.

Ra'ayina shi ne, dillancin kalma ba laifi ba ne, amma sunayen garuruwanmu sun fi ƙarfin a bar su ga mai saurin hannu. Tsarin sasanta rikici da hukumar ICANN ta kafa a 1999 alamar kasuwanci yake karewa, bai tanadi irin wannan kariya ga sunan gari ba. Ƙasashen Barazil da Peru sun yi shekaru suna adawa da ba wa kamfanin Amazon ƙarshen suna na .amazon, sunan kogi da dajinsu, amma a 2019 kamfanin ya yi nasara. In gwamnatoci sun sha ƙasa, ina ga magajin garin Wacha ko ƙungiyar manoman riɗi a Dungas?

A nan ne aikin ɗaliban harshe ya shigo, domin kafin a kare suna sai an san yadda za a rubuta shi. Takardun hukuma suna rubuta Magaria, Bahaushe yana cewa Magarya, sunan itaciyar da kowa ya sani. Dungass, wadda aka cire daga gundumar Magarya a 2011, tana ɗauke da harafin s biyu da Hausa ba ta bukata. Haka Yékoua da Yekuwa, Sassoumbroum da Sasumburum. A wurin kwamfuta kowane rubutu suna ne dabam, ana iya sayar da shi dabam.

Matsala ta biyu ita ce haruffa masu ƙugiya. Asalin tsarin sunayen intanet haruffan Ingilishi 26 ya sani, sai lambobi da karan ɗori. Tun 2003 aka samar da hanyar shigar da haruffan wasu harsuna, amma kowace hukumar rajista ita ke zaɓar waɗanda za ta karɓa. In aka cire ƙugiya, baƙi ya zama baki, ƙafa ta zama kafa, riɗi ya zama ridi. Sannan ƴ da ƙa'idar rubutun Nijar ta 1999 ta amince da ita, a Nijeriya 'y ake rubutawa, alamar ɗaurin nan kuwa ba ta shiga sunan intanet sam. Kalma ɗaya ta rabu biyu a kan iyakar da ƴan kasuwar Magarya ke ƙetarawa kullum.

Wani zai ce mutanen da ke fama da ƙarancin ruwan sha da raunin layin waya ba wannan ne gabansu ba. Gaskiya ne, amma rajistar suna yau abu ne mai araha, fansarsa daga hannun dillali gobe kuwa sai abin da ya yanka. Tun ran gini ake zane.

Shawarata uku ce. Ɗaliban harshe a Jami'ar André Salifou ta Damagaram su tattara sunayen garuruwan gundumomin biyu, su daidaita rubutunsu bisa furucin mazauna. Ƙananan hukumomi su yi rajistar sunayensu a ƙarƙashin .ne, ƙarshen sunan Nijar, da rubutun Faransanci da na Hausa, su sa kuɗin sabuntawa cikin kasafinsu. Masu kula da .ne kuma su keɓe sunayen garuruwa ga hukumominsu, su buɗe ƙofa ga ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Tun da ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, bai dace adireshinta na intanet ya kasa rubuta riɗi daidai ba.