Ɗan Wasan da ya Bar Fili Sau Biyu

A zangon da ya wuce, ranar wasan ƙarshe na gasar ƙwallo tsakanin gidaje, mai tsaron bayan gidanmu ya yi gware da wani, ya faɗi. Da ya tashi sai ya ce wa malamin wasanni yana gani biyu-biyu, a fitar da shi. Aka fitar da shi, aka kuma ci mu ɗaya da nema. Tun daga ranar ake kiransa rago a ɗakin kwana, kuma ba zan ɓoye ba, har da bakina a ciki. Yanzu kam na gane zaluntarsa muka yi. Abin da ya sa na sake tunani shi ne labarin wani ɗan wasa Ba'amurke mai suna Husain Abdullah.

Da farko ya kamata in ɗan bayyana wasan, domin ƙwallon Amurka ba irin tamu ba ce. Ƙwallon doguwa ce kamar gwanda, da hannu ake jifanta, a rungume ta a ruga da ita, abokan gaba kuwa su yi ta ƙoƙarin ka da mutum. Saboda haka kowa da hular kwano a kansa. Mutum 11 ne a kowane ɓangare, tsawon fili kuma yadi 100 ne tsakanin gida da gida. A can ƙarshen masu tsaro akwai 'yan baya, waɗanda aikinsu shi ne su hana a cafe ƙwallon da aka jefo, ko su cafe ta su da kansu, ko su ka da wanda ya kuɓuce wa sauran. In suka yi sake, to an ci. Wannan shi ne aikin Husain.

An haife shi a Los Anjalas a 1985, a gidan Musulmi. Ya yi wasa a Jami'ar Jihar Washinton har zuwa 2007, inda wansa Hamza ma ya yi wasa kafin shi. A Amurka jami'a ce ƙofar shiga babbar gasar ƙwararru da ake kira NFL, mai kulob 32. Ƙofar kuwa ƙarama ce ƙwarai, don waɗanda ake zaɓa daga cikin 'yan wasan jami'a ba su kai biyu cikin ɗari ba. A zaɓen 2008 an yi zagaye bakwai babu kulob ɗin da ya kira sunan Husain. Daga baya ne Minnesota Vikings suka ɗauke shi gwaji, ya dage har ya sami gurbi. Kafin 2010 ta ƙare ya zama cikin waɗanda ake fara wasa da su. A shekarar kuwa azumi ya faɗo cikin watan Agusta, daidai lokacin horo mai tsanani da zafin rana, amma bai ajiye ba. Ya yini yana gudu da hular kwano ba ko ɗigon ruwa, sa'an nan ya tashi cikin dare ya ci ya sha.

Na kawo wannan ne don kada wani ya ce mutumin da ma rago ne. Wanda aka tsallake a zaɓe ya kuma ƙwaci gurbi da gumin goshinsa ya san darajar gurbin fiye da kowa. Duk da haka, sau biyu yana ajiye shi da hannunsa.

Na farko a 2012 ne. Kakar wasa takan fara a watan Satumba, Hajjin shekarar kuwa ya faɗo a ƙarshen Oktoba. Husain da Hamza suka haƙura da wasan shekarar gaba ɗaya da albashinta, suka ɗauki iyayensu suka tafi Makka. Da na ba da labarin nan a ajinmu wani abokina ya ce wauta ce, wai ai Ka'aba ba ta gudu, su bari sai sun yi ritaya mana. Maganarsa ba ta banza ba ce. Bahaushe ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma haka ta faru ga Hamza, domin bayan sun dawo bai sake buga wasa a NFL ba. Amma amsar da na ba shi ita ce, Ka'aba ba ta gudu, gaskiya ne, sai dai ƙarfin iyaye yana gudu, kuma babu wanda ya san ranarsa. Sun auna biyun, suka zaɓi wanda ba a iya sayensa da kuɗi daga baya.

Shi Husain, Allah ya ba shi wata dama. Kansas City Chiefs suka ɗauke shi a 2013. Ranar 29 ga Satumba, 2014, ya cafe ƙwallon da shahararren majefin nan Tom Brady ya jefa, ya ruga da ita yadi 39 har gidan abokan gaba. Yana isa sai ya zame a kan gwiwoyinsa ya yi sujada. Alƙalin wasa ya hukunta kulob ɗinsa da ja da baya yadi 15. Washegari hukumar NFL ta fito ta ce kuskure aka yi, bai kamata a hukunta ɗan wasa don ya nuna ibada ba. Kansas City ta ci wasan 41 da 14.

Na biyu shi ne wanda ya fi shafarmu. A wannan wasa, yawan karo da kai yakan girgiza ƙwaƙwalwa a cikin ƙoƙonta, mutum ya ji jiri da ciwon kai, wani lokaci ya mance abin da ya faru. Likitoci sun tabbatar cewa in aka sake buguwa kafin ta farko ta warke, haɗarin ya fi girma, kuma in abin ya yawaita yana iya lalata tunanin mutum a gaba. A kakar 2015 Husain ya gamu da wannan buguwa karo na biyar. A watan Maris na 2016, yana da shekara 30, ya sanar cewa ya bar wasa, ya kuma bayyana cewa lafiyarsa ce babban dalili, domin akwai sauran abubuwan da yake so ya yi a rayuwa waɗanda sai da lafiyayyen hankali. Ba korarsa 'yan kallo suka yi ba, shi ne ya ga ya isa haka.

To, 'yan'uwa, mu dawo gida. Husain albashin ƙwararru ya bari don ya tsira da kansa. Mu kuwa saboda kofin da ake ajiyewa a ofishin shugaban makaranta yana shan ƙura, muka so yaro ya ci gaba da sa wa ƙwallo kai alhali yana gani biyu-biyu. Da ya biye mana wani abu ya same shi, wa zai zauna masa jarrabawa? Mu da muka yi ihun, da mun koma aji mun ci gaba da karatunmu, uwarsa ce kaɗai za a bari da jinya.

Ba ina cewa a daina wasa ba ne, ni ma ina buga wa gidanmu, kuma ina son mu ci. Abin da nake cewa shi ne, jarunta iri biyu ce. Akwai ta dagewa a fili, wadda kowa ke yi wa tafi. Akwai kuma ta mutum ya ɗaga hannu a gaban jama'a ya ce a fitar da ni, yana sane za a yi masa dariya. Ta biyun ta fi wuya, ita ce kuma muka kasa ganewa a ranar.

Saboda haka ina roƙon kyaftin-kyaftin na gidaje, duk wanda ya bugu a ka ya ji jiri, a fitar da shi nan take, a kai shi ɗakin shan magani, kada ya koma fili sai ma'aikacin lafiya ya yarda. Iyayenmu kuma, in mun zo hutu kuna tambayarmu ko mun ci kofi, ku haɗa da tambayar lafiyarmu. Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Shi kuwa mai tsaron bayanmu, na riga na same shi na ba shi haƙuri, ina fata sauran 'yan gidanmu za su yi haka kafin a tafi hutu. Allah ya ba mu lafiya da basira, amin.