Kundi Muke So ko Bango?

Duk ƙarshen zango, shagunan buga takardu a nan Gombe sukan cika maƙil da ɗalibanmu, kowa na ta jayayya a kan launin bango da rubutun ruwan zinare. Amma da ka buɗe kundin, sai ka tarar da jigo da salo a Ruwan Bagaja, littafin da Abubakar Imam ya shiga gasar 1933 da shi, wanda manazarta suka tatsa har ya ƙafe. Babi na biyu an yashe shi daga kundin wani, tun daga 2022 kuwa ChatGPT ke ɗauke wa wasu ma wahalar yasar.

Kada mu ɗora wa yara laifin duka, domin mu malamai muka koya musu. Mukan kwana muna jan biro a kan waƙafi da tazarar layi, ba ma tambayar ɗalibi wa ya saurara da kunnensa. Ga waƙoƙin 'yan dako a Tudun Hatsi, ga tsofaffin Bolari da Jekadafari da tatsuniyoyi a bakinsu, kullum ana kai su makwanci ɗaya bayan ɗaya. Alhali kuɗin bango guda ya isa ya kai ɗalibi ƙofarsu, da wayarsa ta ɗaukar murya a aljihu.