Dogon Turanci ko mai sauƙi: wanne ne zai amfani manomi?

A watan Nuwamban 2025 ne ministan ilimi na Nijeriya, Tunji Alausa, ya bayyana cewa gwamnati ta soke manufar koyar da yara da harshen uwa, wadda aka amince da ita a 2022, aka kuma koma ga Turanci.

An yi ta muhawara a kan matakin. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba: wane irin Turanci ake nufi?

A kudancin jihar Kano, amsar wannan tambaya ta shafi lafiya da aljihun jama'a.

Daga Tiga zuwa Doguwa

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a yankin Bebeji a 1974, noman rani ya bunƙasa a ƙasar Kano. A Kiru da Tudun Wada da Doguwa kuma, masara da shinkafa da rake su ne abin dogaron dubban iyalai.

Noman yau kuwa ba ya rabuwa da takarda. Maganin ciyawa da na ƙwari da takin zamani da injin ban-ruwa, akasarinsu da bayanin Turanci suke zuwa.

Sau da yawa manomi ba ya karanta bayanin da kansa. Yakan miƙa kwalbar ga ɗansa ɗan sakandare, ko mai shagon magani, ko malamin gona.

A nan ne gizo ke saƙa. Takardar tana lissafi da lita a kowace hekta, cikin doguwar jimla mai kalmomin kimiyya. Manomi kuwa da murfin kwalba ko gwangwanin madara yake awo.

Idan mai fassara ya yi tuntuɓe da kalma ɗaya, ko dai maganin ya yi kaɗan kuɗi su tafi a banza, ko kuma ya yi yawa ya ƙone shuka, ya cutar da mai feshi da mai ci.

A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda yawan sinadarin da ake haɗa fiya-fiya da shi da aka samu a cikinsa. Dalilan matsalar suna da yawa, amma rashin sanin ƙa'idar awon magani yana cikinsu.

Yadda wasu suka yi

Abin lura shi ne, masu harshen da kansu sun daɗe da gano illar dogon Turanci.

A 1930 wani masani ɗan Ingila, C. K. Ogden, ya fito da tsarin Turanci mai kalmomi 850 kacal. A 1959 kuma Muryar Amurka ta fara shirye-shirye da Turanci na musamman mai kalmomi kusan 1,500, domin masu sauraro na ƙasashen waje.

Misali mafi kusa da batun shi ne na jiragen sama. A shekarun 1980 masu ƙera jirage a Turai suka tsara wani Turanci mai sauƙi na littattafan gyara, ganin cewa makanikai da yawa ba harshensu ba ne.

Ƙa'idarsa ita ce kowace kalma ma'ana ɗaya, kowace jimla umarni ɗaya, kuma jimlar umarni kada ta wuce kalmomi 20.

A Amurka ma, a 2010 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a kan dokar da ta wajabta wa ma'aikatun tarayya rubuta takardun jama'a da harshe mai sauƙi.

Masu ja da baya

To amma a Nijeriya akan ɗauki manyan kalmomi a matsayin shaidar ilimi. Jami'in da ya rubuta gajeruwar jimla yana tsoron a ce bai yi karatu ba, duk da cewa Bahaushe kan kira zancen da ba shi da amfani dogon Turanci.

Masu adawa da sauƙaƙawa suna da hujja. Suna cewa kalmar kimiyya tana da ma'ana takamaimai, kuma sauya ta na iya ɓata bayani.

Sai dai tsarin jiragen sama bai hana sunayen sassan inji ba. Abin da ya rage shi ne ado da kewaye-kewaye.

Wasu kuma na ganin a rubuta komai da Hausa kawai, kamar yadda cibiyar faɗakar da manoma ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya take wallafa wasu ƙasidunta.

Wannan ma bai kawar da batun ba, domin yawancin bayanan daga Turanci ake fassaro su, kuma jimlar da ta ruɗe a Turanci a ruɗe za ta iso Hausa.

Yanzu dai ido yana kan hukumomi irin su NAFDAC, mai rajistar magungunan feshi, da KNARDA, mai kula da malaman gona a jihar Kano. Ma'aunin kuwa ɗaya ne: ko yaron da ya gama sakandare a Bebeji zai karanta wa mahaifinsa takardar kwalba, su auna daidai.